Tsaikon da Koci Hostetter Bai Nema Ba

Duk wanda ya zauna a garin Tolliver na jihar Indiana, ko na wata guda ne, ya san Koci Merle Hostetter. In ba ka gan shi a zauren wasa na kwaleji ba, to ka leƙa shagon Dottie da safe, yana nan a kujerar jikin taga, ya sa kofi a gaba, yana zana dabarun wasa a takardar goge baki. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, ga kunnuwa fatan-fatan masu yin ja da zarar ransa ya motsa. Shekara kusan arba'in ya yi yana horar da 'yan ƙwallon kwando, ya ci wasa ɗari shida da 'yan kai. Amma mutanen gari in za su yabe shi ba kofuna suke fara ambata ba. Cewa suke mutumin kirki ne, bai taɓa barin ɗan ajin ƙarshe a benci ba ranar wasan ban kwana.

Shi kuwa duk sanda wannan yabo ya shiga kunnensa, sai kofin da yake sha ya yi masa ɗaci a baki. Ya taɓa bari, sau ɗaya, kuma ya rufe abin da ƙarya.

Ɗan manomin masara ne Merle, irin yaran da suka koyi jifa a zoben da aka kafa jikin rumbu, hannu na daskarewa don sanyi. A Kwalejin Ashby ya yi wasa, ƙarƙashin tsoho Burl Kessinger, daga baya ya zama mataimakinsa har shekara shida. Kessinger mutum ne mai dokoki, kuma ba ya maimaita magana. Ka cusa rigarka cikin wando. Kada ka nuna wa alƙalin wasa yatsa. Babbar cikinsu kuwa ita ce wadda kowane koci a Indiana ya sani: kana da damar neman tsaiko sau biyar a wasa, a tsaida agogo ka yi magana da yaranka, amma ba ka nemansa a ƙarshen wasan da ka riga ka ci.

"In ka kayar da mutum, ka bar agogo ya ƙarasa aikinsa, ya tafi gida," in ji Kessinger. "Wanda ya tsaida wasa yana gaba da maki goma, zagi ya yi, ko da bai buɗe baki ba."

Merle ya haɗiye wannan magana kamar karatun coci. Yana da shekara talatin da ɗaya aka ba shi ƙungiyar Tolliver, ya auri Wanda mai aiki a ɗakin karatu, ya shiga gina ƙungiya daga kusan babu. Abu ɗaya ya tsaya masa a maƙogwaro: sau tara yana karawa da maigidansa Kessinger, sau tara yana shan kaye.

A shekararsa ta biyu ne Lonnie Tackett ya bayyana. Ba wanda ya gayyace shi, ba a kuma ɗauke masa ko sisi daga kuɗin makaranta ba, ɗan sa-kai ne kawai daga wani ƙauyen masu haƙar kwal, tafiyar awa biyu kudu. Ba shi da tsawo, gudunsa kuma kamar an ɗaura masa buhun siminti a kowace ƙafa.

"Kai kuma me ka iya?" Merle ya tambaye shi ranar farko.

"Zuwa da wuri, yallaɓai."

Gaskiya ya faɗa. Shekara huɗu bai yi fashin atisaye ko sau ɗaya ba. Aikinsa shi ne ya haddace salon ɗan wasan da za a kara da shi ranar Asabar, ya zama shi a atisaye, manyan 'yan wasa su yi ta bangazarsa suna koyo. Sau biyu aka fasa masa hanci. Yaran suna kiransa Katantanwa, yana amsawa da dariya. A shekara huɗun nan sau tara kacal ya taka filin wasa, duk a garuruwan wasu, duk a ƙarshen wasan da ya riga ya mutu. Mahaifinsa, Orval Tackett, bai taɓa ganinsa cikin rigar ƙungiya ba. Da farko aikin rami ne ya hana shi, daga baya ƙurar kwal ta cinye masa huhu.

Sai ranar 'yan ajin ƙarshe ta zo, wasan ƙarshe a gida. Kowa ya san yadda ake yi. Ana kiran sunan kowane mai fita, ya tako tsakiyar fili da iyayensa, a miƙa wa uwa fure, sannan koci ya fara wasan da su, gwani da ba gwani ba, ko na minti biyu ne. To a wannan shekara abin ya zo a cakuɗe. Da Ashby za a kara, wanda ya ci shi zai ɗauki kofin yanki. Kuma Merle ya ji ƙishin-ƙishin cewa wata babbar jami'a da ke neman koci ta buga wa Kessinger waya tana tambaya a kansa, shi Merle.

Ranar Juma'a ya kira Lonnie ofis.

"Ba zan fara da kai ba gobe, ɗana. Ka san irin wasan. Amma za ka shiga, na yi maka alkawari."

"Ba komai, Koci. Ni ma da ni ne da ban fara da ni ba." Ya sosa ƙeya. "Baba dai zai zo. Likita ya ce kada ya kuskura, shi kuma ya ce wa likita ya je ya sha maganinsa da kansa."

Ya kuwa zo. Asabar da rana, zaure ya cika har bakin ƙofa, ƙamshin gugguru ya gauraye da na rigunan sanyi masu danshi. Orval ya tako fili cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, ruwan ƙasa, wadda yanzu ta yi masa yawa, yana jan tukunyar iskar numfashi a kan 'yan tayoyi, siririn tiyo a hancinsa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, don haka shi aka miƙa wa furen. Ya jujjuya shi, ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya soke shi a aljihun gaba, zaure ya ɗauki dariya da tafi. Ya zauna a layi na uku, ya zaro kati da fensir. Shekara ashirin ya yi yana rubuta wa makarantar ƙauyensu makin wasa, hannunsa ya saba.

Wasa ya yi zafi, wannan ya ci wancan ya rama, har saura minti uku. Nan ne Reggie, mai raba ƙwallo, ya jefa uku a jere daga nesa, 'yan Ashby suka watse. Saura minti ɗaya da rabi Tolliver na gaba da goma sha biyu. Ɗalibai suka fara buga ƙafa a katako suna rera sunan Lonnie.

Merle ya ji su sarai. Amma Kessinger ne fa a ɗaya gefen, mutumin da ya taɓa ganin ya farfaɗo da wasa daga kabari. Ya ce a ransa bari a ƙara kaɗan. Ya ƙara kaɗan, ya kuma ƙara. Sai da ya rage daƙiƙa talatin da takwas ya juya.

"Tackett! Shiga!"

Lonnie ya tuɓe rigar sanyi har hannunta ya sarƙe masa a wuya, ya ruga teburin masu rubuta maki, ya durƙusa a gabansa kamar yadda mai jiran shiga yake yi. Sai an busa usur wasa ya tsaya zai iya takawa ciki.

To usur ɗin ne ya ƙi zuwa. Ƙwallo ta dawo hannun Tolliver. Kessinger ya ɗaga hannu ya yi wa yaransa alamar su ja baya, kada su taɓa kowa, ya sallama. Reggie ya tsaya a tsakiyar fili yana buga ƙwallo a ƙasa, ya dubi Lonnie, ya dubi benci. Tsaiko ɗaya ya rage wa Tolliver. Abin da Merle zai yi bai wuce ya ɗora tafin hannu ɗaya bisa yatsun ɗayan ba, Reggie ya nema, a busa, yaro ya shiga.

Hannuwansa har sun taso zuwa ƙirji. Sai idonsa ya faɗa kan Kessinger, yana tsaye ya harɗe hannu, ya ɗaga haɓa, yana kallonsa. Merle ya tuna dokar, ya tuna wayar babbar jami'a. Ya mai da hannuwansa aljihu, ya girgiza wa Reggie kai.

Daƙiƙa talatin da takwas ba komai ba ce in kana jiran ruwa ya tafasa. Amma Lonnie a durƙushe ya yi su, gwiwa ɗaya a ƙasa, mutum dubu biyu na kiran sunansa, muryoyin suna raguwa kaɗan-kaɗan yayin da suka gane. Ƙahon tashi daga wasa ya yi kuka. Ɗalibai suka kwararo fili, aka kawo tsani da almakashi, kowane ɗan wasa ya hau ya yanki zaren ragar zobe, kamar yadda masu cin kofi ke yi. Lonnie ma ya hau ya yanki nasa, yana murmushi. Kessinger ya riƙe hannun Merle ya ce, "Ka yi wasa irin na manya, yaro."

A lungun da ke zuwa ɗakin canja kaya ya ci karo da su, uba da ɗa. Orval ya jingina da bango yana mai da numfashi.

"Malam Tackett, don Allah ka yi haƙuri," Merle ya ce, bakinsa na gudu gaba da shi. "Na so in tsaida wasan, wallahi, tsaikonmu ne ya ƙare."

Tsohon ya dube shi jim kaɗan. Sannan ya miƙo hannu.

"Ka yi nasara mai kyau, Koci."

A watan Afrilu Orval ya rasu, ana shirin shukar masara. Ranar jana'izar Merle yana can wata jiha yana sa hannu a takardar babbar jami'a, Kessinger ya yi masa magana mai kyau. Furanni ya aika. Shekara huɗu ya yi a can, cikin zaure mai cin mutum dubu goma sha biyar, ana zaginsa a rediyo, kafin su sallame shi a wata Litinin da safe ta bakin wani mutum da bai ma iya faɗin sunansa daidai ba. Tolliver ta karɓe shi hannu bibbiyu, bai sake motsawa ba.

Daga dawowar nan ne ya zama Merle ɗin da gari ke yabo. Ya fara wasa da kowane ɗan ajin ƙarshe, har da wani mai ƙafa a ɗaure da ya tsaya cak na daƙiƙa biyar aka fitar da shi. Ya sha neman tsaiko yana gaba da maki ashirin don wani ɗan benci ya shiga, kocin ɗaya gefen ya ƙi ba shi hannu, ko a jikinsa. Jarida ta rubuta cewa zuciyarsa ta fi zauren girma. Ya ninke jaridar ya shimfiɗa wa karensa.

Shekara talatin da ɗaya bayan wancan wasa ya sanar zai ajiye aiki, kwaleji kuma ta ce za a rubuta sunansa a jikin katakon filin ranar wasan ban kwana. Wanda ta baje katunan gayyata a teburin cin abinci, tana rubuta sunayen tsofaffin 'yan wasa, shi yana liƙa kan sarki.

"Tackett," ta ce, ta ajiye biro. "Merle, shekara nawa kana tsallake sunan nan a katin Kirsimeti? Ka ɗauka ban lura ba?"

"Ba ni da adireshinsa."

"Kunnuwanka sun yi ja, tsoho. Sake wata."

Ya daɗe yana murza kan sarki a yatsa. Sannan ya gaya mata, tun daga ofis ranar Juma'a har lungun ɗakin canja kaya, har furannin. Ba ta katse shi ba, ba ta kuma ce masa "ba komai" ba.

"To yanzu so kake a rubuta sunanka daidai wurin da yaron nan ya durƙusa, shi kuma yana can yana zaton ba ka da yadda za ka yi?"

"Abin da ya hana ni sakat ke nan."

Ta tashi ta naɗe kek ɗin tuffa da ta gasa don 'yan coci, ta ɗora mukullin mota a kai, ta tura masa.

"'Yan coci sun ci na makon jiya. Tashi."

Lonnie yana da shagon sai da abincin dabbobi da irin shuka a bakin hanyar ƙauyensu. Merle ya tarar da wani mutum mai sanƙo da tumbi yana loda buhuna a bayan a-kori-kura, sai da ya ga karkataccen hancin ya gane shi.

"Ikon Allah! Koci! Ka tsufa fa, kamar tsohon shinge."

"Kai kuma ka haɗiye Lonnie ɗin da na sani, har da takalmansa."

"Har yanzu ina gudu kamar da, ka san ban da abin da zan rasa. Shigo, akwai kofi, ba daɗi amma da zafi."

Suka zauna a ɗan ofis mai warin dusa, suka yanka kek da wuƙar buɗe buhu. Lonnie ya tambayi Wanda, ya ba da labarin 'ya'yansa mata biyu, ya ce Reggie yana wa'azi yanzu, wa zai yarda. Merle ya ga in ya bari hira ta yi nisa zai koma gida da kayansa. Ya ajiye cokali.

"Lonnie, ƙarya na yi muku, kai da babanka. Tsaikonmu bai ƙare ba. Saura ɗaya. Na sani, Reggie ya tambaye ni da ido, na hana shi. Kunyar Kessinger na ji, da kwaɗayin aikin can. Na zaɓe su na bar ka."

Lonnie ya ture kek ɗin gefe. Ya jawo aljihun tebur, ya tona ƙarƙashin takardu, ya fito da wani kati da ya koma ruwan ƙasa, ya ajiye a gaban Merle. Rubutun fensir ne, ƙanana, a tsare. A ƙasa, wurin tsaikon Tolliver, gida biyar: huɗu an soke su, na biyar fari fat, an zagaye shi da fensir har takardar ta kusa hujewa.

"Baba ba ya kuskure a lissafin wasa, Koci. Ya sani tun kafin ka buɗe baki."

Merle ya ɗago kai daga katin ya ce, "Ya kuma ba ni hannu."

"Ya ba ka. A gidanka yake, ranar murnarka ce."

"Me ya ce bayan kun fita?"

"A kanka? Ko kalma. Awa guda muna tafiya shiru, sai ƙarar tukunyar nan tasa. Da muka zo wata makarantar firamare a hanya, ya ce in tsaya. Akwai zobe a filinsu, ba ko raga. Ya ce in sa rigar, mai lamba arba'in da huɗu. Na ce Baba, sanyi ake. Ya ce shi bai yi tafiyar awa biyu don ya ga rigar sanyi ba. Na sa. Ya zauna a mota ya sauke gilashi, ni ina jifa, shi yana rubutawa." Ya juya katin. A baya akwai 'yan layuka da da'irori, a ƙasa an rubuta goma sha ɗaya cikin ashirin. "Wasan da Baba ya gani ke nan."

Merle ya cire tabarau, ya rasa abin gogewa, ya yi amfani da gefen riga.

"Na zo neman gafara, ɗana. Na san na makara."

"Ka makara kam." Lonnie ya faɗa ba da zafi ba. "Nawa kason, na daɗe da sauke shi. Ban ma sani ba ko yafewa na yi ko gajiya. Na yi shekaru ina jin haushinka, sai 'ya'ya suka zo, shago ya zo. Amma na Baba ba a hannuna yake ba, Koci. Ba zan ba ka abin da ba nawa ba."

"Gaskiya ne."

"Abin da ya fi cin raina ba bencin ba ne. Sau uku na waiwayo ina kallonka daga teburin nan. Ko sau ɗaya ba ka kalle ni ba."

Mai sayayya ya danna ƙararrawa a waje, Lonnie ya fita ya sallame shi. Da ya dawo akwai tsohuwar ƙwallo a hammatarsa.

"Zo mu je baya."

A jikin rumbun ajiya akwai zobe mai tsatsa, na 'ya'yansa. Lonnie ya tuɓe rigar aiki, ya durƙusa da gwiwa ɗaya a kan tsakuwa, yana nishi.

"To, Koci. Gwiwar nan ba za ta kai talatin da takwas ba yanzu, ka hanzarta."

Merle ya dube shi, ido cikin ido wannan karon. Ya ɗaga hannuwa, ya ɗora tafi bisa yatsu.

"Tackett. Shiga."

Lonnie ya miƙe da ƙyar, ya buga ƙwallo sau biyu, ya jefa. Ta daki gefen zobe ta faɗa cikin ciyawa, kaji suka watse.

"Ka gani? Da ka sa ni ma abin da za a yi ke nan." Ya yi dariya, ya ɗauko katin daga aljihu ya danna wa Merle a hannu. "Riƙe. Na gaji da ajiyarsa."

"Za ka zo ranar Asabar?"

"Asabar ranar ciniki ce, Koci."

Bai zo ba. Merle ya dubi layi na uku sau ba adadi, wata mata ce a wurin da jariri. Da aka yaye ƙyallen da ya rufe sunansa aka miƙa masa abin magana, bai karanta jawabin da ya shirya ba. Ya zaro katin Orval Tackett ya gaya wa mutum dubu biyu abin da ya yi, da ƙaryar, da filin firamaren. Ya mai da katin aljihu. Can sai wani ya fara tafi, saura suka bi, har suka miƙe tsaye. Wannan tafi ya fi komai yi masa ciwo, don ya ga sun mai da shi wani sabon abin yabo.

Yana nan har yau a shagon Dottie, kujerar jikin taga, katin na aljihun rigarsa. In baƙo ya zo ya ce, ai kai ne kocin da bai taɓa barin kowa a benci ba, sai ya ajiye kofi, kunnuwa su yi ja, ya ce, "Ja kujera. Akwai ɗaya, sunansa Lonnie Tackett."